Gwajin Magani a Kan Ƙwayar Bakkale, da Iyakar Abin da Gwajin Ke Nunawa



Makiyayi ya daɗe da sanin bakkale: saniya ta yi ɓari, gwiwarta ta kumbura, nono ya ragu. Mutum kuwa yakan kamu ta wajen shan ɗanyar madara, ko taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari, sa'an nan ya yi ta fama da zazzaɓi mai tafiya yana komowa, wanda sau da yawa akan zaci na cizon sauro ne. A shekarar 1887 David Bruce, likitan sojan Ingila, ya gano ƙwayar a tsibirin Malta, kuma daga sunansa aka raɗa mata Burusela.

To, ta yaya ake sanin maganin da zai ci ta? Da fari akan zuba jinin majiyyaci cikin abincin ƙwayoyin cuta, a jira kwanaki, gama ƙwaya ce mai nawar tsiro. In ta tsiro, sai a jera 'yan kwalabe, kowace da rabin ƙarfin maganin da ke cikin ta gabanta, a sa musu ƙwayar daidai wa daida, a ajiye a ɗumin digiri 35 har awa 48. Inda ruwan ya gurɓace, ƙwaya ta rinjayi magani. Mafi ƙarancin maganin da ya bar ruwan garau, shi ne ma'aunin ƙarfinsa. Aiki ne mai haɗari, domin ƙwayar tana bin iska ta kama ma'aikaci, don haka ba a yinsa sai a keɓantaccen ɗaki.

Amma fa kwalba daban, jikin mutum daban. A cikin jiki Burusela takan ɓuya ne a cikin fararen ƙwayoyin jinin da suka haɗiye ta, wuri mai tsami inda waɗansu magunguna ba su shiga, waɗansu kuma ƙarfinsu ke raguwa. Saboda haka akwai maganin da kan yi fice a kwalba, ya kasa a jiki. Har wa yau, idan cutar ta komo aka sake gwada ƙwayar, galibi akan tarar tana jin magani kamar dā. Watau laifin na magani guda ne tilo, ko na yankewa da wuri.

Wannan ya sa a 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa doksisaikilin da rifamfisin har mako 6. Sai dai rifamfisin jigo ne wajen maganin tarin fuka, cutar da ke damun ƙasarmu ƙwarai. Shansa barkatai yana iya koya wa ƙwayar tarin taurin kai. Lalle ne ɗakunan bincikenmu su riƙa gwaji don lura da ranar da Burusela za ta fara bijirewa, likita ya tabbatar da cutar kafin ya rubuta magani, majiyyaci ya cika makonninsa, uwargida kuma ta tafasa madara.