Tsimin Sabuwar Shekara: Me Ya Sa Buhun Wake Kan Fi Kuɗin Cikin Waya Daɗewa?

Duk farkon watan Janairu za ka ga mutane a Facebook da WhatsApp suna rubuta ƙudurin sabuwar shekara: bana zan rage kashe kuɗi, bana zan yi tanadi. Masana halayyar ɗan Adam sun lura da wannan ɗabi'a. A 2014 Hengchen Dai da Katherine Milkman da Jason Riis na Jami'ar Pennsylvania a Amurka sun nuna cewa zuwa wurin motsa jiki da neman bayanin rage ƙiba a Google suna ƙaruwa a farkon mako da farkon wata da farkon shekara. Mutum yana jin kamar an buɗe masa sabon shafi. A wajenmu ma haka ne, sai dai shafukan sun fi yawa: shigowar Muharram, azumi, bayan Sallah, ƙarshen kaka.

Matsalar ita ce niyya ba ta riƙe kuɗi. Ƙwaƙwalwa tana ba buƙatar yau nauyi fiye da ta watan Yuli, ko da ta Yulin ce za ta fi zafi. Tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, jama'a da yawa, har a garuruwa irin su Tambuwal da Dogon Daji da Kebbe, suka koma tura kuɗi ta waya da cirewa wurin masu POS. An samu sauƙi kam. Amma kuɗin da ke cikin OPay ko Moniepoint danna lamba huɗu kawai ya rage ya fita: data, kati, ɗan'uwa ya kira da larura. Ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100.

Wanda ya daure bai taɓa kuɗinsa ba ma bai tsira ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Wato naira 100,000 da aka ajiye tun Disambar 2023, bayan shekara ɗaya abin kusan naira 74,000 na da kawai za ta saya.

To ina mafita ga manomin kudancin Sakkwato, wanda yawancin arzikinsa na shekara yake zuwa masa lokaci guda, gero da dawa da wake da gyaɗa?

Sayarwa da arha, saye da tsada

Kowa ya san yadda abin yake. Da kaka kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, amma a lokacin ne bashi da biki da kuɗin makarantar zango na biyu suke jira, sai a kai buhu kasuwa. Da bazara ko tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, sai mutumin nan ya koma ya sayi irin abin da ya sayar, da tsada.

Ba mu kaɗai ba ne. Wasu masana tattalin arziki, Marshall Burke da Lauren Bergquist da Edward Miguel, sun yi gwaji da manoman masara a yammacin Kenya, suka wallafa sakamakon a 2019. An ba wasu manoma rance daidai lokacin girbi don kada dole ta sa su sayar. Suka riƙe masarar har farashi ya tashi, ribar ta kai kusan kashi 29 cikin 100 na rancen. Wani abin lura: a ƙauyukan da aka ba mutane da yawa rancen, tazarar farashin kaka da na bazara ta ragu, har waɗanda ba su karɓi komai ba suka amfana.

Buhu yana da wata fa'idar da waya ba ta da ita, wato wahalar taɓawa. Kafin ka kashe shi sai ka kwance, ka auna, ka ɗauka zuwa kasuwa. Wannan ɗan jinkirin shi ne dai hikimar adashe da kiwon tunkiya: ka ɗaure hannunka da kanka.

Sai dai wake yana da ɓarawonsa.

Ɓarawon da ke cikin ƙwayar

Ƙwaron wake, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus, ba a ɗaki yake samun wake ba, tun daga gona yake biyo shi. Macen tana manna ƙwai a jikin kwanso ko ƙwayar waken, ƙananan ɗigo-ɗigo farare. Tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda kai tsaye zuwa ciki, ta zauna tana ci ba mai ganinta. Ramin nan mai zagaye da kake gani ƙofar fita ce. Lokacin da ka gan shi an riga an gama ɓarna. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai gommai, kuma idan akwai ɗumi, daga ƙwai zuwa babban ƙwaro mako uku zuwa huɗu ne.

A nan ne Janairu take yaudarar mutane. Sanyin hunturu yana rage wa ƙwaron saurin girma, sai ka buɗe buhu ka ga wake fes. Da zafin Maris da Afrilu ya shigo, zuriya ta bi zuriya, kafin ruwan farko buhun ya zama gari da ramuka. Saboda haka yanzu ne lokacin ɗaukar mataki, ba sai an fara ganin ƙwari suna yawo a bakin buhu ba.

Abin da da yawa suke yi shi ne zuba magani, fiya-fiya ko makamancinsa mai sinadarin dikulobos. Wannan guba ce da ke taɓa jijiyoyin ƙwaro, kuma tana taɓa na mutum. Saboda yawan ragowar wannan sinadari ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Turawa sun ƙi ci, mu kuwa muna yin ƙosai da alala da shi, muna ba yara. Wannan ba tsimi ba ne, ɗage asara ce zuwa asibiti.

Yadda rashin iska ke kashe shi da ƙishirwa

A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike daga Jami'ar Purdue ta Amurka, ciki har da masanin ƙwari Larry Murdock, tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru, sun gwada zuba wake a leda uku, ɗaya cikin ɗaya. Daga nan aka samo buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa sosai a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, kowace mikron 80, wato ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, sai buhun saƙa na waje da ke kare su. Kamfanin Lela Agro a Kano yana cikin masu yin sa, kuma an yi gwaje-gwaje da yawa a kansa a cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi, inda Ibrahim Baoua ya yi fice a aikin.

Babu magani ko ɗigo a ciki. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Idan aka ɗaure ledar, tsutsotsin da ke cikin waken su ne za su shanye oksijin ɗin da numfashinsu, suna fitar da kabon dayoksaid. Da ya faɗi ƙasa da kusan kashi 5, sai su daina ci, su daina girma.

Abin mamakin shi ne sanadin mutuwarsu. A wani bincike da Murdock da abokan aikinsa suka fitar a 2012, sun gano cewa bushewa ce ke gamawa da su, ba shaƙewa kawai ba. Busasshen wake ba shi da ruwan kirki, to ina tsutsar take samun na sha? Jikinta ne ke haɗa shi: idan ta ƙona sitacin waken da oksijin, ana samun kuzari da kabon dayoksaid da kuma ruwa. An yanke oksijin, an yanke ruwa ke nan. Ƙwaron da kansa yake rufe rijiyarsa.

Wanda ya gane wannan ya san ba lallai sai buhun kamfani ba. Jarka mai murfin kirki ko duron ƙarfe, idan an wanke, an busar, an cika taf an toshe, hanya ɗaya suke bi. Iyayenmu da ke cakuɗa wake da toka ma ba su yi nisa da wannan ba, domin tokar tana cike gurbin da ke tsakanin ƙwayoyi, ta hana ƙwaro motsi da barbara.

Inda ake samun kuskure

Yawanci ba buhun ne ke gazawa ba. A fara busar da waken sosai, don danshi a rufaffen wuri ruɓewa yake kawowa. Akwai gwaji mai sauƙi: a zuba busasshen gishiri da ɗan wake a busasshiyar kwalba, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da waken rana. A sheƙe tsinke da tsakuwa don kada su huda leda. A hura kowace leda a duba ko tana fitar da iska. A matse iskar sama, a murɗe baki, a ɗaure kowace daban. A ɗora buhun a kan katako nesa da bango, saboda ɓera. Na ci kuma a ware shi daban, domin duk buɗewa sabon numfashi ne ga ƙwaron.

Sannan kada wani ya ɗauka riba dole ce. A 2025 farashin masara da wasu hatsi ya sauka a kasuwannin Arewa, waɗanda suka saya da tsada suka jibge suna jiran tashi sun ji jiki. Ga kuma maganar da malamai suka daɗe suna yi a kan mai saye ya ɓoye don jama'a su galabaita. Wannan daban yake da magidancin da ya adana abin da ya noma. A ganinmu lissafin da ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne na abincin gida: ka ƙiyasta tiya nawa iyalinka ke ci a wata, ka ninka har zuwa sabuwar kaka, ka rufe wannan tukuna. Ko farashi ya tashi ko ya faɗi, za a ci shi. Ledar PICS kuwa, in ba ta huje ba, ana iya sake amfani da ita a kaka ta gaba, wadda ta huje kuma a mayar da ita ta ajiyar abin da ƙwaro bai damu da shi ba.