Matan Amish da maganin gida

'Yan uwa manoma, maza da mata, yau za mu kai ku ƙasar Amurka, wurin wasu manoma da ake ce ma Amish. Kiristoci ne. Kakanninsu sun taso daga Turai sun sauka a jihar Fensilbaniya wajen shekaru 300 da suka wuce. A shekarar 2024 yawansu ya kai kamar 400.000. Mafi yawansu ba su tuƙa mota, keken doki suke hawa, kuma ba su jawo wutar lantarki cikin gida.

A gidan Amish, in yaro ya kwana da mura ko ciwon ciki, uwa ce ke fara duba shi. Tana da ɗan lambu a bayan ɗaki inda take shuka tafarnuwa da na'ana'a. Mai ciki takan sha shayin ganyen wani ɗan itace, rasberi, kuma da yawa ungozoma ke karɓar haihuwarsu a gida. In wuta ta ƙona mutum, sai a shafa wani man da aka haɗa da zuma da man zaitun da maiƙon gashin tumaki, a rufe da ganyen bardok da aka tsoma cikin ruwan zafi. Ganyen ba ya manne ma ciwo.

Me ya sa suke haka? Iyali na da yawa, mace takan haifi 'ya'ya 6 ko 7, asibiti kuma na da tsada ƙwarai. In kuɗin ya fi ƙarfin maigida, jama'ar cocinsu ke haɗa mishi.

Amma ku saurara da kyau, maganin gida yana da iyaka. Akwai wani ganye, kamfiri, da ake shafawa a fata. Wanda ya riƙa shan shi, hantarsa na iya lalacewa. Babbar ƙuna kuwa sai asibiti. A shekarar 2014 baƙon dauro ya shiga garuruwansu na jihar Ohayo, ya kama mutum 383, galibi waɗanda ba a yi ma allurar rigakafi ba. Babu ganyen da ya tare shi. Sai da dubban mutane suka fito aka yi musu allura sannan cutar ta lafa.

To, 'yan uwa, ƙaramin ciwo ana iya jinyarsa a gida. Amma in mai ciki ta ga jini, ko zazzaɓin yaro ya ƙi sauka, ko ƙuna ta yi faɗi, ku kai su gidan likita a ranar, kada ku jira gobe.