Babakeren Manyan Kamfanonin Fasaha: Ƙwazo Ne Ko Kashin Dankali?

A shekarar 1934 wani masanin kimiyyar halittu ɗan ƙasar Rasha, Georgy Gause, ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi. Ya zuba jinsi biyu na wata ƙanƙanuwar halittar ruwa mai suna Paramecium a cikin kwalba ɗaya, ya riƙa ba su abinci iri ɗaya. Ba a daɗe ba jinsi ɗaya ya cika kwalbar, ɗayan kuwa ya ƙare, alhali babu wanda ya cinye wani. Wanda ya ɗan fi saurin hayayyafa ne kawai ya kwashe abincin.

Irin wannan yana faruwa a kasuwar intanet. Kimanin kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a intanet a duniya ta manhajar Google ake yin sa. Duk tambayar da mutum ya rubuta tana koya wa manhajar abin da jama'a suke nema, amsoshinta su ƙara kyau, kyawunsu kuma ya jawo sababbin mutane. Haka nan WhatsApp: mutum yakan shige ta ne saboda 'yan'uwansa suna can. Wato ɗan fifiko na farko shi yake ninka kansa, har ƙaramin kamfani ya rasa wurin tsayawa.

A nan ne masana suka rabu biyu. Wasu sun ce ba laifi ba ne kamfani ya fi kowa iya aiki, tun da ba a tilasta wa kowa ba, kuma ba a karɓar kuɗin bincike. Wasu kuwa sun ce wanda ya riga ya hau yana iya janye tsani. Suna kafa hujja da yadda Facebook ya saye Instagram a 2012, da WhatsApp a 2014, maimakon ya yi gasa da su.

Dokar Sherman ta Amurka, wadda aka kafa a 1890, ba ta hana kamfani girma ba; abin da ta hana shi ne toshe wa wasu hanya. Da ita aka tsinka kamfanin mai na Standard Oil gida 34 a 1911. A 2000 wata kotu ta ba da umurnin a raba Microsoft gida biyu saboda yadda ya danne manhajar Netscape, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001. A watan Agusta 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci cewa Google ya karya wannan doka. An nuna wa kotu cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya fiye da dala biliyan 26 ga irin su Apple, domin manhajarsa ta zama ita mai saye yake tararwa a cikin waya. Duk da haka, a 2025 alƙalin bai yarda a tsinka kamfanin ba.

Ko da ƙwazo ne ya kawo babakere, akwai haɗari. Manomi ya san cewa gonar da aka shuka iri ɗaya tak, cuta ɗaya ta isa ta gama da ita, kamar yadda ta yi wa dankalin ƙasar Ailan daga 1845. A ranar 19 ga Yuli 2024 kuskure ɗaya cikin wata manhajar tsaro ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu aiki da Windows, jiragen sama da bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani.

Saboda haka ɗalibin da zai shiga wannan muhawara, a aji ko a intanet, ya kamata ya rarrabe tambayoyi uku: shin kamfanin ya yi girma, shin ta hanyar da ta dace ya riƙe girman, kuma wa zai cutu idan ya faɗi ko ya yi zalunci? Yawancin cacar bakin da ake yi, kowane ɓangare tambaya daban yake amsawa. Kiran abokin muhawara ɗan koren kamfani ko mai hassada ba ya amsa ko ɗaya daga cikinsu. Wanda ya ce an yi danniya, sai ya faɗi yarjejeniyar da aka ƙulla da wanda aka hana shiga kasuwa. Wanda kuma ya ce ƙwazo ne, sai ya bayyana dalilin biyan biliyoyin daloli domin kayan da jama'a za su zaɓa da kansu.