Hancin Damisa: Yadda Koriya ta Sayi Idon Bajamushe

A shekarar 2006, lokacin da Peter Schreyer ya bar kamfanin Volkswagen ya koma Kia na Koriya ta Kudu, mutane da dama a harkar motoci sun ɗauka ya yi sakin reshe kama ganye. Mutumin da aka haifa a 1953 a garin Bad Reichenhall na jihar Bavariya, ya yi karatu a Munich da kuma Royal College of Art da ke Landan, ya shiga Audi a 1980, ya jagoranci sashen zanen fasalin motocinta daga 1994 zuwa 2002. A ƙarƙashinsa aka fitar da Audi TT a 1998, motar da har yau ake kafa misali da ita a makarantun zane. Me zai je nema a kamfanin da ya durƙushe a rikicin kuɗi na Asiya a 1997, sai da Hyundai ya saye shi a 1998?

Amsar tana wajen wanda ya kira shi. Chung Eui-sun, jikan wanda ya kafa Hyundai, shi ne shugaban Kia a lokacin, kuma ya gane ciwon kamfaninsa. Injin Kia da na Hyundai kusan ɗaya ne, ƙashin motocin ma haka, don haka babu abin da zai bambanta su a idon mai saye in ba siffa ba. Kia kuwa ba ta da siffar. Mota ce da mutum ke saya don kuɗinsa bai kai na Toyota ba, ya ajiye ta a ƙofar gida ba tare da ya waiwaya ya sake kallonta ba.

Schreyer ya fara ne da fuska. A baje kolin motoci na Frankfurt a 2007 ya nuna motar gwaji mai suna Kee, ɗauke da ragar gaba wadda aka ɗan matse ta a tsakiya, sama da ƙasa. Ita aka yi wa laƙabi da hancin damisa. Daga nan duk wata Kia, ƙarama ko babba, ta ɗauki wannan kama, kamar 'ya'yan gida ɗaya masu tsaga iri ɗaya. Sportage da Optima na 2010, sai Picanto da Rio na 2011, su ne suka nuna cewa al'amarin ya wuce ado. Kafin zuwansa Kia ba ta sayar da mota miliyan ɗaya da rabi a shekara. Zuwa 2014 ta kai wajen miliyan 3. Mu nan ma mun san ƙarfin fuska a ciniki, tunda a kasuwar motoci ta Najeriya da siffa ake raɗa wa mota suna, kamar Honda ɗin nan da ake kira Anakonda.

Sai dai a nan ne masu ba da labarin kan zarme, su mayar da shi tatsuniyar gwarzo guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A shekarun nan ne Kia ta buɗe masana'anta a Žilina ta ƙasar Sulobakiya da wata a jihar Jojiya ta Amurka, ta kusanto da motocinta ga masu saye. Ta ba da garantin shekara 7 a Turai, abin da manyan kamfanonin Jamus ba su yi ba. Karyewar tattalin arzikin duniya a 2008 ta tura mutane neman mota mai sauƙin kuɗi. Inganci ma ya ƙaru da gaske: a 2016 Kia ta zo ta farko a binciken J.D. Power kan ingancin sababbin motoci a Amurka. Da motar tana kwana a garejin bakanike, kyan fuskarta ba zai cece ta ba. Ko Audi TT ɗin ma, Freeman Thomas, Ba'amurke, yana da babban kaso a zanenta.

A ganina, abin da Koriya ta yi dabam shi ne ikon da ta ba shi. Hayar Bature ya zana mota ba sabon abu ba ne. Tun a tsakiyar shekarun 1970 Giorgetto Giugiaro ɗan Italiya ya zana wa Hyundai motar Pony. Amma wancan ɗan kwangila ne, ya miƙa aiki ya karɓi kuɗinsa. Schreyer kuwa an zaunar da shi a majalisar yanke shawara. A ƙarshen 2012 aka naɗa shi ɗaya daga cikin shugabannin Kia, mutum na farko da ba ɗan Koriya ba a wannan kujera, sannan a 2013 aka haɗa masa zanen Hyundai da Kia gaba ɗaya. A kamfanin da girma da shekaru ke da nauyi, a ce mai fensir zai iya ja da injiniya da akanta, wannan shi ne sauyin.

Da aka ga dabarar ta ci, sai aka buɗe ƙofa. Hyundai ya ɗauko Albert Biermann daga BMW a 2015 don gyara tafiyar motocinsa, ya kuma kawo Luc Donckerwolke daga Bentley, wanda ya gaji Schreyer a 2018. Kamfanonin Sin sun bi sawu da gudu: BYD ya ɗauki Wolfgang Egger, tsohon shugaban zane na Audi, Geely ya ɗauki Stefan Sielaff a 2021. Motocin BYD ma an yi musu tasu fuskar, ta dodon tatsuniyar Sinawa.

Akwai asara a ciki. Idan mutane ƙalilan da suka fito daga makarantu ɗaya da ofisoshi ɗaya suke zana wa duniya motoci, dole su riƙa kama da juna. Cire tambari daga manyan motocin iyali na yau, ka ga ko za ka iya bambanta su daga nesa. Kuma siffa tana da iyaka. Kia Stinger ta 2017, wadda aka yi don ta kara da BMW da Audi, ta sha yabo daga masu sharhi, amma kasuwa ba ta karɓe ta yadda aka so ba, aka daina ƙera ta a 2023. Mai kuɗin sayen BMW har yanzu sunan yake saya.

Ita kuwa Jamus, abin da ta daɗe tana tinƙaho da shi, wato motar da kallo ɗaya ke nuna tsadarta, yanzu ana samunsa a rabin kuɗi, kuma 'ya'yanta ne suka koyar. Ba zane kaɗai ya jawo mata matsala ba, batun batir da motocin lantarki ya fi shi nauyi. Amma a 2023 BYD ya ƙwace wa Volkswagen matsayin motar da aka fi saya a Sin, kuma a Disambar 2024 Volkswagen ya amince da rage ma'aikata sama da 35,000 a Jamus kafin 2030.