Masu Gyaran Rim a Hanyar Wurno da Goronyo

A Abuja ko Kaduna, abin da ke ɓata wa mai mota rai shi ne ya zo ajiye ta a gefen titi, rim ya gogi dakalin siminti, fenti ya kankare. A gabashin Sakkwato irin wannan dakali bai cika yawa ba. Abin da ke cin rim a hanyar da ta bar birni ta bi Achida ta nufi Goronyo da Sabon Birni shi ne ramin da damina ta haƙa, da bakin kwalta inda ƙasa ta zaizaye ta bar kaifi, da kan kwalbatin da direba bai gani ba sai da ya hau. Ga kuma lodi. Motar da aka ƙera don mutum biyar ana ɗora mata buhunan albasa da tafarnuwa daga fadamar Wurno, ko shinkafar da aka noma da ruwan dam ɗin Goronyo, har bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Tun da matsalar tsaro ta yi ƙamari a yankin, direbobi na gudu don su isa kafin magariba, mai gudu kuwa ba ya zaɓen rami.

Da wuya ka ga shagon da aka rubuta wa gyaran rim kaɗai a waɗannan garuruwa. Aikin a rabe yake tsakanin mutum uku: mai faci, mai walda da mai fenti. Amma mai faci ne ke fara ganin cutar, domin wurinsa ake zuwa da ƙorafin cewa taya na sacewa kullum alhali ba ƙusa. Sai ya ba ta iska, ya kwarara ruwan omo a inda bakin taya ya haɗu da rim, ya zuba ido. Inda kumfa ya fara tashi, nan matsalar take.

Zamanin da Fijon da ake haɗawa a Kaduna tun 1975 ke riƙe da hanya, wannan ba wani abin damuwa ba ne. Rim na ƙarfe ne, kuma akwai tib a cikin taya. In ya lotse, a kwantar da shi a ƙasa, a ba shi guduma, ya koma daidai. Motocin Kwatano ne suka canza lissafi, su Golf da Corolla da Honda, masu zuwa da rim ɗin alminiyam da taya marar tib. Bambancin su biyun kamar na kwanon sha ne da tukunyar ƙasa: kwano in ya faɗi ya lotse a buga shi, tukunya in ta faɗi sai tsagewa. Rim ɗin alminiyam zuba shi ake yi a mazubi, an gauraya shi da wasu sinadarai don ya yi ƙarfi, kuma ya fi na ƙarfe rashin nauyi da kyan gani. Sai dai ba ya haƙuri da duka. Yaron shago da ya koyi aiki a kan rim ɗin ƙarfe, ya ɗauki guduma iri ɗaya ya far wa na alminiyam da sanyinsa, zai miƙar da lotsewar ya bar tsaga a madadinta.

A cikin cututtukan rim, ƙarzuwa ita ce mafi sauƙi, kuma a nan ba kowa ke biya don ita ba. Direban haya bai damu ba. Masu damuwa su ne 'yan gari da ke aiki a birni in sun dawo sallah ko biki a Rabah, da baƙin da ke zuwa ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, da dillalin da ke son sayar da mota. Ana wanke rim da kyau a cire ƙurar birki da maiko, a bi wurin da sanfefa mai kaushi sannan mai laushi, a cike gurbin da ya yi zurfi da fila, a sake gogewa har yatsa ya kasa jin gaɓa. Sai a rufe taya da takarda, a fesa fentin ƙasa, a fesa ruwan azurfa, a rufe da mai sheƙi. Babban abokin gabar mai fenti a nan shi ne ƙura. A lokacin hunturu, in bai sami lungu ya yayyafa ruwa a ƙasa ba, aikin zai bushe da yashi a jikinsa.

Inda gwaninta take shi ne lotsewa da tsaga. Ƙarfe in ya ji wuta yana yin ja, ya gaya wa maƙeri lokacin duka ya yi. Alminiyam ba ya yin haka. Launinsa ɗaya ne har ya kai wajen digiri 660, sai kawai ya zube. Don haka mai gyara yana ɗumama wurin a hankali, ya sa katako tsakanin guduma da rim, ko ya tura da jak kaɗan-kaɗan, yana juya rim ɗin yana duban ko ya daina rawa. In wuta ta yi yawa, ko da bai narke ba, ƙarfin da aka ba shi a masana'anta ya tafi, wurin ya yi laushi, ramin gaba zai sake lotsa shi a nan ɗin.

Walda ta fi wuya. Alminiyam na da wata fata siririya a samansa wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, wato cikin ya narke tuni fatar na nan. Shi ya sa waldar da ake yi wa ƙofa da taga ba ta kama shi yadda ya kamata. Aikin ƙwarai yana son injin da ke aiki da iskar agon, a huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a buɗe bakinta, a cike, a goge. Irin wannan inji da wutar da za ta ɗauke shi sun fi samuwa a birnin Sakkwato, don haka mai faci na gari yakan ce wa mai mota ya kai can. Wanda ba na gari ba sai ya shafa gam a tsagar, ko ya cusa tib a cikin tayar, iska ta daina fita, kowa ya yi murna. Tsagar kuwa tana nan tana tafiya a ƙarƙashin lodi.

A ganina, abin da ke raba gwani da ɗan koyo a wannan sana'a shi ne iya cewa a'a. Tsagar da ke bakin rim ta ciki ana iya ceto ta. Wadda ta kama ƙafafun rim, ko ta kusanci ramukan noti, ba ta da magani, kome ƙwarewar mai walda. A nan ne za ka ji ciniki ya yi tsami. Direba na cewa, "Maigida, ka dai lallaɓa mani shi in kai kasuwar Lahadi." Mai gyara kuma ya girgiza kai: "Alhaji, wanga ya gama aiki, ba ni sa hannuna." Ya rasa kuɗin aikin, wataƙila ya rasa mai kawo aikin ma, domin akwai wani a gaba da zai karɓa. Direbobi da yawa da suka gaji da wannan sukan cire na alminiyam gaba ɗaya su sa na ƙarfe, kuma ga motar haya a wannan hanya ban ga laifinsu ba.

Mataccen rim ba ya zama shara. 'Yan gwangwan na saye a kan kilo, daga nan ya faɗa hannun masu zuba tukwanen alminiyam, su narka shi tare da sauran tarkace. Wannan ya sa mai mota ba ya tashi a tutar babu, yana da abin da zai rage a kuɗin wani na hannu, ko daga Sakkwato ko daga Ƙofar Ruwa a Kano. Sai dai na hannun ma a duba cikinsa kafin a biya, don akwai waɗanda aka yi wa walda aka lulluɓe da sabon fenti.

Ga mai shiga motar haya daga Goronyo ko Gandi, ba shi da ta cewa a kan rim ɗin da ke ƙarƙashinsa. Shugabannin tasha ne ke da ita. Yadda suke duba lodi da karɓar kuɗin layi, su riƙa sa a duba ƙafafun mota, kuma duk wadda mai faci ya ce rim ɗinta ya tsage a ƙafa, kada a ba ta fasinja sai an canza.