Kurmin bakin teku, rumbun mutanen Salum

A ƙasar Sanigal, kudu da birnin Dakar, inda kogin Salum yake haɗuwa da teku, akwai wani kurmi da yake tsiro cikin taɓo da ruwan gishiri. Nasara suna ce masa mangurob. Ba mangwaro ba ne: itace ne mai dogayen saiwoyi da suke fitowa daga jikinsa su kafe cikin laka. In teku ta cika sai ruwa ya rufe su, in ta janye sai su bayyana.

Mutanen tsibiran nan, Serer da ake kira Nyominka, masunta ne tun kaka da kakanni. Kurmin shi ne rumbunsu. Ƙananan kifaye da jatan lande suna ɓuya tsakanin saiwoyin, suna cin ruɓaɓɓen ganye har su girma su fita teku. Ashe kifin da ake sayarwa a kasuwa, da yawa daga nan ya taso.

Mata kuwa, in ruwa ya janye, sukan shiga da kwale-kwale su ɓamɓaro kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu da take manne wa saiwoyin. Sukan dafa ta, su shanya, su sayar. Da kuɗin ake sayen shinkafa da sutura da littattafan ƴan lakwal. Wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai: akwai tsibin ɓawo 218 da mutanen dā suka tara a yankin. Ban da haka ana samun zuma, da itacen gini, da na banda kifi. Saiwoyin kuma suna riƙe ƙasa kada igiyar ruwa ta cinye garuruwa.

Amma farin da ya kashe dabbobi a Nijar cikin 1973 da 1984 bai bar Salum ba. Da ruwan sama ya ragu, sai ruwan teku ya yi ta hawa cikin kogin, gishiri ya yi yawa, itatuwa suka bushe tsaye. Sara ya ƙara ɓarna, har da na masu yanke saiwa don saurin ɗebe kawa. Inda kurmi ya mutu, kifi ya ragu, gishiri ya hau gonaki.

Gwamnatin Sanigal ta keɓe wani sashe na yankin cikin 1976, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2011. Amma babban aiki talakawa ne suka yi. Cikin 2006, a garin Tobor na Kazamans, can kudancin ƙasar, ƙungiyar Oceanium ta Haidar El Ali ta soma dashe tare da mutanen gari. Dabarar mai sauƙi ce: ɗan itacen yana tsiro tun yana bisa uwarsa, sai a tsinke shi a soka cikin taɓo da damina. Aikin ya bazu har Salum, aka dasa miliyoyi.

Yanzu a garuruwa da dama ƙungiyoyin mata suna hana ɗibar kawa na wasu watanni don ta hayayyafa, wasu kuma suna kiwonta bisa igiyoyi, ba su taɓa saiwa. Lissafinsu a fili yake: itacen da aka sare sau ɗaya ake cin kuɗinsa, wanda aka bari tsaye kuwa kowace shekara yana ciyar da gida.