Shekara 50 da Faifan Don Williams: Abin da Kunnen Bahaushe Ya Gane a Cikinsa

A shekarar 1975 kamfanin faifai na ABC/Dot da ke Amurka ya fitar da faifan Don Williams mai suna You're My Best Friend, wanda ya cika shekara hamsin cif a 2025. Waƙoƙi biyu daga cikinsa sun hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri (kiɗan karkarar Amurka) na mujallar Billboard: wadda aka raɗa wa faifan sunanta, da Wayland Holyfield ya rubuta, da kuma wata ta Bob McDill. Wannan shi ne lissafin mutanen can. Namu lissafin daban ne. A jihar Katsina, daga Batsari zuwa Ruma, daga Safana zuwa Runka, akwai dattawa masu furfura, tsofaffin malaman makaranta da malaman gona da direbobi, waɗanda da zarar muryar mutumin nan ta tashi a rediyo sai su dakatar da hira. Ina cikin masoya wannan faifai, kuma ra'ayina shi ne mun so shi saboda mun tarar da tarbiyyar kiɗanmu a cikinsa.

An haifi Don Williams ranar 27 ga Mayu, 1939, a Floydada, wani ƙaramin garin manoma a jihar Tekzas, ya girma a garin Portland na wannan jiha. Mahaifiyarsa ce ta koya masa kaɗa jita. Ya yi aikin soja, sannan a 1964 suka kafa ƙungiyar mawaƙa ta Pozo-Seco Singers. Da ƙungiyar ta watse sai ya bar waƙa na ɗan lokaci ya shiga sayar da kayan ɗaki, kafin ya tafi birnin Nashbil, cibiyar kiɗan kantiri, inda Jack Clement ya ɗauke shi aikin rubuta waƙoƙi. Faifansa na farko shi kaɗai ya fito a 1973, yana da shekara 34. Ke nan bai shigo fagen da rawar kan ƙuruciya ba. Ya shigo yana magidanci mai iyali, kuma ana jin haka a muryarsa.

Yadda faifan ya iso karkararmu ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san zamanin. A farkon 1975 aka biya ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin Udoji tare da ariya, kuɗi suka shiga hannun ƙananan ma'aikata, kasuwar babur da rediyo da rikoda ta buɗe. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, aka baza matasan malamai a ƙauyuka. Matashin da ya yi kwalejin horon malamai a Katsina ko Zariya yakan iso garin da aka tura shi da katifa, da akwati, da rikoda. Gidajen rediyon Kaduna da Kano suna da filayen waƙoƙin Turanci, Jim Reeves ya riga ya share wa kiɗan kantiri hanya, Kenny Rogers da Dolly Parton suna tafe. Sai kuma kaset, wanda ya fi faifan garmaho araha da jure ƙura, kuma ana iya kwafarsa daga hannu zuwa hannu.

Wanda ya yi wannan zamani bai manta hidimar da ake yi wa kaset ba. Ba a mayar da shi baya da rikoda, don kada batir ya ƙare. Biro ake zurawa a ramin kaset ɗin a riƙa wulwulawa a iska har zaren ya koma farko. Idan rikoda ta cinye zare, a hankali ake zaro shi da tsinke, a miƙar da inda ya tattare, in ya tsinke a liƙe. Batir kuwa in ya yi sanyi sai a jera shi a rana bisa katanga, da fatan ya ƙara kai mutum dare ɗaya. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a rage murya saboda maƙwabta. Mutum ba ya yi wa abin da bai ƙauna irin wannan wahala.

To, me aka ji? Abu na farko, murya ce a gaba, kayan kiɗa a baya. Muryar Don Williams mai kauri ce, ba ya ɗaga ta, ba ya gaggawa, kowace kalma tana fita sarai, har ɗan aji biyu na sakandare yana iya tsintar abin da ake faɗa. Jita tana tafiya a hankali, ganga ba ta hayaniya, jitar nan ta kwance da ake goga wa ƙarfe tana shigowa ta amsa ta koma. Waƙa ba ta cika wuce minti uku ba. Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Kunnen da ya tashi da Ɗanmaraya Jos, mutum ɗaya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ko Haruna Uji da gurminsa, ya riga ya san cewa kiɗa bawan magana ne. Kalangun Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, komai daɗinsa, yana rusunawa ne idan Shata ya buɗe baki. Akwai ma dangantaka ta tarihi: masana kiɗa sun nuna cewa banjo, ɗaya daga cikin tushen kiɗan karkarar Amurka, ya samo asali daga kayan tsirkiya na Afirka ta Yamma da bayi suka ƙetara da iliminsu, dangin gurmi da molo da garaya.

Abu na biyu shi ne abin da waƙar take faɗa, kuma nan ne nake ganin sirrin yake. Babbar waƙar faifan magana ce ta miji ga matarsa, yana gode mata, yana shaida cewa duk duniya ba shi da amini kamarta. Mawaƙin da kansa ya auri matarsa Joy a 1960, suna tare har mutuwa ta raba su bayan shekara 57. Mu kuwa kunya ta yi mana dabaibayi. Magidanci a ƙasar Ruma yana iya shekara talatin da uwargidansa, ta kai masa abinci gona, ta yi jinyar mahaifiyarsa, ta sayar da akuyarta a biya kuɗin makarantar yara, amma bakinsa ba zai iya furta godiyar a gaban mutane ba, wani ko sunanta ba ya kira. Sai ga wani dattijon murya, cikin natsuwa, ba batsa ba ashar, yana faɗar abin da ke zuciyarsa a madadinsa. Waƙar da mutum zai iya saurare ko da surukinsa ya yi sallama ba ta da yawa, a kowane harshe.

Ba mu kaɗai muka gane darajarsa ba. Manyan makaɗan rok na Ingila sun ɗauki waƙoƙinsa: Pete Townshend da Ronnie Lane sun sake rera ɗaya a 1977, Eric Clapton ya ɗauki Tulsa Time a 1978, shekarar da aka zaɓi Don Williams gwarzon mawaƙin kantiri namiji a Amurka. A 1997 ya zo Afirka ya yi wasa a Harare ta ƙasar Zimbabuwe, aka ɗauki wasan a bidiyo. An shigar da shi zauren girmama gwanayen kantiri a 2010, ya rasu ranar 8 ga Satumba, 2017, a jihar Alabama, yana da shekara 78.

Ga mutumin Batsari da Safana, sauraren faifan a yau yana zuwa da wani nauyi. Shekarun da 'yan bindiga suka addabi garuruwan bakin dajin Rugu sun raba mutane da dabbobinsu da gonakinsu, sun kuma raba su da hirar dare a ƙofar gida. Da yawa daga cikin waɗanda suka gudo Katsina sun baro akwatunan kaset a gidajen da ba su koma ba. Waƙoƙin Don Williams dai ba su ɓace ba, duk mai waya zai same su a intanet cikin tsabtar sauti, domin mutanensa sun adana asalin ɗaukar, sun rubuta wa ya tsara, wa ya kaɗa, a wace shekara.

Namu fa? A cikin waɗannan akwatuna akwai Shata, akwai Garba Supa, akwai makaɗan noma da na farauta na ƙauyukanmu da wani ya ɗauka sau ɗaya a wurin biki, babu kwafi na biyu. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun yi babban aiki da littafin tarihin Shata, amma ƙananan makaɗan karkara ba su sami mai yi musu haka ba. Zaren kaset yana ruɓewa, masu sanin tarihin waƙoƙin suna ƙarewa.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da gidajen rediyonmu, da sassan Hausa na jami'o'inmu, su buɗe rumbun adana sauti, su karɓi tsofaffin kaset daga hannun jama'a su mayar da su kwamfuta tare da sunan mawaƙi da gari da shekara. Kai kuma mai karatu, idan akwai akwatin kaset ɗin mahaifinka a ɗaki, kada ka bari a zubar da shi. Ka buɗe, ka tambayi dattijon yana raye wane ne wannan mawaƙi, ka rubuta, ka adana.